Wa ya raba Turawa da zinarin Lardin Sakkwato?

A shekarun 1930 haƙar zinari ta yi ƙarfi a Arewa, har da Lardin Sakkwato, inda ƙasar Anka da Bukkuyum take. Bayan shekara goma sai harkar ta mutu murus. Me ya kashe ta?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce zinarin ne ya ƙare. Abin da ya faru a ƙauyen Tungar Guru na wannan yanki ya ƙaryata wannan, kuma da hanya mai ciwo. A 2010 mutanen ƙauyen, kamar na Dareta da Abare da 'Yargalma, suna niƙa dutsen zinari a cikin gidajensu, mata na dakawa a turmi, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Dalmar da ke cikin dutsen ta kashe yara wajen 400 a yankin. Zinari dai yana nan.

To ko farashi ne? Yana da hannu. Tun 1934 Amurka ta tsayar da shi a dala 35 kowane oza, kuɗin aiki kuwa sai hawa yake yi da zuwan Yaƙin Duniya na Biyu. Amma wannan ragewa zai yi, ba kashewa ba.

Bakin zaren yana can nesa. A Fabrairun 1942 Japan ta kama Singafo, ta gama mamaye Malaya, wadda a lokacin ta fi kowace ƙasa fitar da kuza. Ingila ta shiga uku, domin da kuza ake shafe fallen ƙarfe kada ya yi tsatsa, da shi ake yin gwangwanin abincin soja, da shi ake liƙin wayoyi. Zinari ba ya harbi, ba ya adana nama. Amurka ma a Oktoban shekarar ta rufe ma'adinan zinarinta.

Sai ido ya koma Jos, inda ake haƙar kuza. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa aikin dole, wanda talakawa suka kira ɗiban gwamna. Ta hannun sarakuna da hakimai aka kwashi dubban manoma daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza. Sanyin tsauni da ƙarancin abinci suka kashe wasu, da yawa suka gudu. A 1943 kuzan da aka haƙa ya kai wajen tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Zinari ya rasa lebura da jari. An soke ɗiban a 1944, amma kamfanonin ba su koma ramukan zinarin ba.