Yadda Za Mu Zaɓi Tayar Keken Hawan Duwatsu

Keke tsohon abokin tafiya ne a wurinmu. Da shi masu bishara suke shiga ƙauyuka, da shi kuma ɗalibai da yawa suke zuwa makaranta. Yanzu ga wani irin keke ya shigo kasuwanninmu, mai kaurin taya da giya da yawa, wato keken hawan duwatsu. A jihar Kalifoniya ta Amurka aka fara ƙera shi. Wani mai suna Joe Breeze ya haɗa nasa a 1977, sa'an nan a 1981 kamfanin Specialized ya soma yin irinsa da yawa domin sayarwa.

Amma komai kyan keke, taya ce kaɗai take taɓa ƙasa. In ta zame a kan gangare, birki ba zai cece mu ba. In ta fashe a tsakiyar daji, sai turi har gida. Saboda haka kafin mu ba da kuɗinmu, sai mu tambayi kanmu: wace irin hanya muka fi bi?

Da farko mu duba girma. A gefen kowace taya akwai lambobi, misali 26 x 2.10. Ta farko girman wili ce, ta biyu kuwa faɗin taya, duka a inci. Kekunan hawan duwatsu suna zuwa da wili mai inci 26, ko 27.5, ko 29. A nan akwai tarko. Tsohon kekenmu irin Raleigh yana ɗauke da lamba 28, amma rim ɗinsa milimita 635 ne, na mai lamba 29 kuwa milimita 622 ne. Ashe mai 28 ya fi mai 29 girma, kuma tayar ɗaya ba za ta zauna a kan ɗayan ba. Abin da ya fi shi ne mu kwafi lambobin tsohuwar taya a takarda, mu tafi da su kasuwa.

Na biyu, haƙoran taya. Mutane da yawa sukan zaɓi mai manyan haƙora domin ta fi cika ido. A hanyar burji mai tauri irin wannan taya wahala ce kawai, gama tana da nauyin tuƙi, tana kuma saurin cinyewa. Can ƙananan haƙora masu kusa da juna sun fi. Amma da damina, a cikin taɓo, dogayen haƙora masu tazara ake bukata, domin laka ta sami wurin fita. In haƙoran sun matsu, laka takan cike su, taya ta zama sumul kamar sudaddiya. A cikin yashi faɗi ne magani, ba haƙori ba. A wurin duwatsu kuma, irin na ƙasar Filato, mu nemi mai kaurin gefe, domin kaifin dutse a gefe yakan yanka taya.

Na uku, gaba da baya ba aikinsu ɗaya ba. Tayar gaba ce take riƙe hanya a kwana. In ta baya ta zame, sau da yawa mutum yakan iya gyara zama, amma in ta gaba ce, sai faɗuwa. Don haka wadda ta fi haƙora a gaba za mu sa ta. In kuɗin taya ɗaya muke da shi, sai mu sa sabuwar a gaba, mu mai da ta gaban baya in tana da sauran ƙarfi.

Na huɗu, iska. Kada mu ce wa mai faci ya bunƙa ta har ta yi kamar dutse, gama za ta riƙa tsalle a kan tsakuwa, ba za ta kama ƙasa ba. In kuma iska ta yi kaɗan, dutse zai matse tiyub da rim, ya huda shi wuri biyu kamar saran maciji. Ga taya mai faɗin inci 2 ko fiye, wajen 30 a ma'aunin mai faci ya isa yawancin mutane. Mai jiki ko mai kaya sai ya ƙara kaɗan, amma kada ya wuce iyakar da aka rubuta a gefen taya.

Game da ƙaya da tsidau, akwai tayoyin da ba su da tiyub, ana zuba musu wani ruwa mai toshe ƙaramin huji. Suna da tsada, kuma sai da rim irin nasu. Wanda ba shi da hali, ya riƙa tafiya da famfo da kayan faci.

A ƙarshe, araha ba ta ado. Tayar gwanjo da ta tsattsage a gefe, ko zarenta ya fito, mu bar wa mai ita ko da kyauta ce, domin kuɗin asibiti ya fi kuɗin taya. Ubangiji ya kiyaye mu a hanya. Amin.