Wankin Saman Tayar Mota Bayan Damina

Ya 'yan'uwa fatake da dillalai, kafin ku loda gero daga Aujara zuwa Dawanau, ku leƙa lungun da ke saman tayoyin motar. Laka na maƙalewa nan ta riƙe danshi, tsatsa ta ci ƙarfe har ya huje, ruwan hanya ya fantsamo ya jiƙa buhunan ƙasa. Bara buhu 3 na rasa haka, sun yi fumfuna, ko tayi ban samu ba.

A jiƙa lakar tukuna, a kankare da itace don kada fenti ya ɗaye. A wanke da omo da burushi, in ya bushe sarai a shafa baƙin fenti. Masu shafa baƙin mai kuwa, kul ya taɓa birki ko robar taya, ɓata su yake. Wassalam.