Tallafin kula da tsofaffi: yadda ake zaɓen ƙungiyar da za ta samu

Da yawanmu mazauna Agege, Sabo ta Ibadan ko Fatakwal mun baro iyaye a Kafanchan, wasunsu tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da fansho ba ya kai su ƙarshen wata. Karo-karo muke yi musu. Amma in masu ba da tallafi suka fitar da sanarwa, da wuya ka ga ƙungiyoyinmu ciki.

Abin takara ne fa. Kafin a karanta buƙatarku, galibi ana duba rajistar CAC, takardar SCUML ta EFCC, da asusun banki mai sunan ƙungiya, ba na Alhaji ma'aji ba. In ɗaya babu, an ture fayil. Sannan kwamiti ya zauna ba da maki: tsofaffi nawa, a ina, me za a yi musu, nawa zai ci. "Za mu taimaki dattawan Jama'a" ba ya kawo maki. Awon hawan jini duk wata a unguwa guda, da lissafinsa dalla-dalla, shi ke kawowa.

Rajistar CAC kuwa sai an buga sunayen amintattu a jarida an jira kwana 28, don haka wanda ya bari sai sanarwa ta fito ya makara.