Ƙyanƙyasar Ƙwan Kajin Bantam a Ƙarƙashin Kaza Mai Kwanci

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda ake ƙyanƙyashe ƙwan ƙananan kajin nan da ake kira bantam ta hanyar sa wa kaza mai kwanci, musamman domin amfanin wanda bai taɓa gwadawa ba. Ma'aikaci ko ɗalibi mai sha'awar kiwo yakan sayi irin wannan ƙwai da tsada, ya kawo gida da ɗoki, bayan mako uku ya tarar duk sun zama dungu. Galibi yakan ɗora laifin a kan kaza ko a kan wanda ya sayar masa, alhali kuwa kuskuren ya auku ne tun kafin kazar ta hau ƙwan. Saboda haka za a bi al'amarin daki-daki: asalin kajin, ma'anar kwanci, zaɓen ƙwai da uwa, abin da ke gudana cikin ɓawo, sa'an nan renon 'yan tsaki.

Asalin kajin bantam

Kalmar bantam ta samo asali ne daga Banten, wani gari mai tashar jiragen ruwa a yammacin tsibirin Jawa, cikin ƙasar Indunisiya ta yau. Jiragen mutanen Holanda sun fara isa can a shekarar 1596, daga baya na Ingila suka biyo. Matuƙan jiragen sukan sayi ƙananan kajin yankin domin guzuri, har sunan tashar ya bi kajin zuwa Turai. Sannu a hankali aka riƙa kiran kowace ƙaramar kaza da wannan suna, ko da kakanninta ba su taɓa taka Jawa ba.

Masana kiwo sun kasa su kashi biyu. Akwai bantam na asali, waɗanda ba su da takwarori cikin manyan kaji, kamar Sebright, wadda wani Bature mai suna Sir John Sebright ya samar a Ingila a farkon ƙarni na 19. Akwai kuma waɗanda aka ƙanƙantar daga manyan kaji ta hanyar zaɓen iri, nauyinsu kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na iyayensu. Ya kamata a lura cewa bantam dabam take da kazar da Hausawa ke kira durgu. Ita durgu ƙafafunta ne gajeru, amma bantam jikinta duka ƙarami ne, kome daidai wa daida. Ƙwanta yakan kai giram 30 zuwa 40, ga shi kuwa na kajin gona yakan kai 55 zuwa 60. Wannan ƙanƙanta ita ce tushen yawancin bambancin da za a ambata nan gaba.

Mene ne kwanci?

Kwanci wani hali ne da ke sauko wa kaza bayan ta tara ƙwai. Wani sinadari mai suna furolaktin, wanda wata 'yar ƙaramar gaɓa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke fitarwa, shi ke ƙaruwa cikin jininta, sai ta daina saka, ta lazimci sheƙa dare da rana. Gashin ƙirjinta yakan zube, har fatarta ta taɓa ƙwan kai tsaye. Zafin jikin kaza yana wajen digiri 41 a ma'aunin santigiret, wanda ke isa cikin ƙwai kuwa yana tsakanin 37 da 38, watau daidai abin da ɗan tayi ke bukata.

Alamomin kwanci ba su ɓuya. Kaza takan baje jiki a kan sheƙa, in an matso ta tayar da gashi, ta yi gurnani, ta kai sara. Takan sauka sau ɗaya a yini, ta ci, ta sha, ta yi kashi mai yawa mai wari, ta yi birgima, ta koma cikin minti 15 zuwa 30.

Ba kowace kaza ke da wannan hali ba. Kajin gona masu saka ƙwai, irin su Leghorn, an yi shekara da shekaru ana zaɓensu domin kada su yi kwanci, tun da kaza mai kwanci ba ta saka. Cikin bantam ma akwai bambanci: Silkie da Pekin sun yi suna wajen kwanci da reno, amma Sebright ba a cika dogara da ita ba. A nan ne mai kiwo a ƙasar Hausa ya yi sa'a, domin kazar gida tana cikin uwaye mafiya nagarta. Tun kaka da kakanni mutanen karkara ke sa mata ƙwan zabo, ta kwanta kwana 26 zuwa 28 ta ƙyanƙyashe, ta rene su kamar nata. Wadda ta jure wa ƙwan zabo, na bantam ba zai gagare ta ba. Bugu da ƙari, ba ruwanta da ɗaukewar wutar lantarki, wadda kan hallaka ƙwan da ke cikin injin ƙyanƙyasa a dare guda.

Zaɓen ƙwai da ajiyarsa

Sharaɗi na farko shi ne ƙwan ya kasance na kazar da zakara ke bi. Kaza takan saka ƙwai ko babu zakara, amma irin wannan ba ya ƙyanƙyasuwa ko an shekara ana kwanci a kansa. Kwana biyu bayan barbara ƙwai ya fara ɗaukar rai, kuma kaza takan ci gaba da saka mai rai har wajen mako biyu bayan an raba ta da zakara. Don haka mai son tsantsar irin bantam sai ya ware kazarsa daga zakarun unguwa na tsawon mako uku kafin ya fara tara ƙwai.

A zaɓi ƙwai matsakaici, mai tsabta, marar tsaga, wanda bai faye tsawo ko zagaye ba. Kada a wanke shi. A bayan ɓawo akwai wani siririn rufi da ke toshe dubban ƙananan ƙofofin da ƙwai ke shaƙar iska ta cikinsu, ruwa kuwa yakan wanke rufin ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. A ajiye shi tsininsa na kallon ƙasa, kada kuma ya wuce kwana 7 kafin a sa wa kaza, domin daga nan ƙarfinsa yakan yi ta raguwa kullum.

Wurin ajiya ya fi kyau ya kasance mai sanyin digiri 13 zuwa 16. Wannan yana da wuyar samu a bazara, lokacin da zafin inuwa kan haura 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram. A irin wannan zafi ɗan tayi yakan soma girma tun ƙwan yana cikin ƙwarya, sa'an nan ya mutu. Firiji kuma sanyinsa ya yi yawa. Dabarar gargajiya ita ce a sa ƙwan cikin kasko a gindin randa, a kuma gajarta kwanakin ajiya. Ƙwan da ya sha jijjigar mota a bar shi ya huta yini guda kafin a sa.

Shirin sheƙa da ɗora ƙwai

Sheƙa tana bukatar wuri mai duhu-duhu, mai iska, nesa da sauran kaji, wanda gafiya da tunku da maciji ba za su shiga ba. Tsohuwar tukunya da aka kwantar, ko kwando, ko akwatin katako, duk sun isa. A zuba ƙasa ko rairayi a ƙasa, a ɗan lotsa tsakiya don kada ƙwai ya gangara, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Kafin kaza ta hau, a duba ƙarƙashin fikafikanta. Ƙuma da ƙwarƙwata su ne manyan masu tayar da kaza daga kwanci. A yi mata maganinsu, a kuma tanadar mata toka da rairayi inda za ta yi birgima.

Kada a yi garajen ba ta ƙwai mai tsada. A fara gwada ta da ƙwan gida biyu ko uku har kwana biyu zuwa uku. In ta dage, sai a musanya da dare, lokacin da kaza ba ta gani sosai, ba ta kuma da gardama. Wadda ta taɓa reno ta fi sabuwa, gama sabon mai kiwo da sabuwar uwa, ɗan koyo biyu ke nan a sheƙa guda.

Bantam takan rufe ƙwanta 6 zuwa 8, kazar gida kuwa 10 zuwa 12 na bantam. Ƙa'idar ita ce kada a hangi ƙwai ko ɗaya in ta kwanta. Kwaɗayin ƙari hasara ne, saboda kaza tana juya ƙwai sau da yawa a yini, tana mai da na gefe tsakiya. In sun yi mata yawa, kowanne zai sami rabonsa na sanyi, a rasa duka. Kada uwar ta faye nauyi, don kada ta fasa su. A sa su duka rana ɗaya, a yi wa kowanne alama da fensir, a rubuta ranar a kalanda. Alamar ita za ta nuna baƙon ƙwai in wata kaza ta saɗaɗo ta saka.

Abin da ke gudana cikin ɓawo

Kafin kwana 3 su cika zuciyar ɗan tayi ta fara bugawa, jijiyoyin jini sun bazu a kan gwaiduwa. Tsakanin kwana na 7 da na 10 ana iya haska ƙwan da tocila cikin duhu. Mai rai za a ga ɗigo baƙi da jijiyoyi kamar gizo-gizo. Wanda haske ya ratsa fayau ba shi da rai, wanda kuma aka ga jan zobe a cikinsa ya mutu. A cire waɗannan, domin dungu in ya fashe yakan ɓata sauran. Haskawa ɗaya ko biyu ta wadatar, kuma a yi ta sa'ad da kaza ta sauka cin abinci.

A faffaɗan gefen ƙwai akwai wani gurbin iska da ke ƙara faɗi yayin da ruwan ƙwan ke fita. Zuwa kwana na 18 ƙwai yakan rasa wajen kashi 12 cikin 100 na nauyinsa. In ya rasa fiye da kima, kamar yadda kan faru da hunturu, fatar ciki takan bushe ta manne wa ɗan tsako. Ƙaramin ƙwai ya fi saurin bushewa, shi ya sa ake ɗan yayyafa ruwa a ƙasar da ke kewaye da sheƙa, ba a kan ƙwan ba.

Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, amma na bantam sau da yawa yakan riga da kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka daga kwana na 17 a janye hannu baki ɗaya. Dab da fitowa ɗan tsako yakan shanye ragowar gwaiduwa zuwa cikinsa, ya huda gurbin iska, ya fara numfashi, har a ji kukansa daga ciki uwar tana amsawa. Sa'an nan ya ƙwanƙwasa ɓawo da wani ɗan ƙaho da ke kan bakinsa. Daga hudar farko zuwa fitowa akan ɗauki sa'a 12 zuwa 24. A nan ne tausayi ke kashe 'yan tsaki: mai kiwo ya ga an daɗe, ya ɓare ɓawon da hannu, alhali jijiyoyin jini ba su gama rufewa ba. Aikinsa a wannan rana haƙuri ne kawai.

Renon 'yan tsaki

Gwaiduwar da ɗan tsako ya shanye takan riƙe shi kwana biyu ko uku, shi ya sa uwa ke iya jiran na baya. In ta tashi da kanta, ƙwan da ya rage bayan kwana 23 a zubar. Ɗan tsakon bantam ƙarami ne ƙwarai. Ruwan sha a zuba a kasko marar zurfi, a jera tsakuwa a ciki don kada ya nutse. Abinci kuwa shi ne na 'yan tsaki mai furotin kashi 18 zuwa 20 cikin 100. In babu, tsakin gero ko na masara mai laushi haɗe da dafaffen ƙwai da gara. Kada a ba su abincin kaji masu saka, domin sinadarin alli da ke cikinsa yana lahanta ƙodarsu.

Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa. Uwa za ta yi iyakar ƙoƙarinta, amma a killace su cikin akurki mai ƙananan ƙofofi har mako huɗu zuwa shida. Babban abokin gaba kuma shi ne annobar Niyukasul, wadda aka fara ganowa a shekarar 1926 a tsibirin nan na Jawa da kuma Ingila, wadda kuma kan share kajin gari musamman da hunturu. Tana da rigakafi, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana cikin masu sarrafa shi a Nijeriya. A nemi malamin dabbobi tun cikin makonni biyu na farko. Bayan mako shida zuwa takwas uwa takan yaye su ta koma saka. A sa rai kimanin rabinsu zakaru ne, a yi tanadin inda za a kai su.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa aikin mai kiwo kusan duk yana gaban kwanci ne: ƙwai mai rai kuma sabo, uwa da aka gwada, sheƙa mai tsaro, adadi daidai ƙarfinta. Da zarar ta kwanta, ɗumi da juyi da laima duk ta fi shi sanin su. Wanda ya sa ƙwai 10 a karon farko ya sami 'yan tsaki 6 ko 7 bai yi hasara ba. Abin da ya rage masa shi ne ya riƙe littafi, ya rubuta ranar saka, ranar ɗorawa, abin da haskawa ta nuna da abin da ya fito, domin a karo na biyu ya san ainihin inda ya gyara. Ya kuma riƙe kazar da ta yi masa wannan aiki, kada ya kai ta kasuwa ran salla, gama uwa tagari ta fi ƙwan da aka sa mata wuyar samu.