Kalmomin Sana'a da Ke Tsufa a Ƙasar Arewa

Duk mai sauraron rediyo a Matankari, ko Dogon Dutsi, ko Tibiri, ya sha jin ana cewa wane ya zo domin ya warware zare da abawa, amma da za a tsayar da samarin da ke maimaita wannan magana a tambaye su mece ce abawa, kaɗan ne za su iya cewa ita ce zare mai kauri da mata ke kaɗawa, wanda masaƙi ke gilmawa cikin siririn zare har su zama ƙyalle. Haka lamarin yake ga lafuzza masu yawa da muka gada daga masu sana'a: lafazin yana yawo a bakin jama'a, alhali aikin da ya haife shi ya kwanta.

Wannan al'amari bai keɓanta da mu ba, domin a Ingila akwai dubban mutane masu suna Smith da Webster da Cooper da Fletcher, waɗanda asalin sunayensu maƙeri ne, da masaƙi, da mai harhaɗa gangar katako, da mai gyara kibiya, ko da yake galibinsu ba su taɓa riƙe kayan aikin kakanninsu ba. Haka nan Lefèvre na Faransa, asalinsa maƙeri. Su a sunayen zuri'a kalmomin suka maƙale, mu kuwa a karin magana da sarautu irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Aska da Sarkin Noma.

Mu ɗauki sha'anin tufafi, wanda ya fi kowane yalwar lugga. Kafin auduga ta zama riga, sai mace ta gurje ta a kan magurji ta fitar da angurya, ta shiɓe ta da bakan shiɓa har ta yi laushi, sannan ta kaɗa ta da mazari tana shafa alli a yatsa; daga nan masaƙi ya karɓa, ya naɗa abawa a kwarkwaro, ya sa a ƙoshiya, yana taka takala, allira tana buɗe masa hanya tsakanin zaruruwa, har ya fitar da sawu; marini kuma ya tsoma a karofi, inda baba da toka da katsi suka jiƙa, kafin a kai mabuga a buge shi ya yi ƙyalli. Kowace kalma a nan mataki ce na aiki, wanda duk ya san su a jere ya san rabin sana'ar, kuma da atamfar kanti da gwanjo suka cika kasuwa, tare suka ture aikin da sunayensa.

Maƙera ta fi sa'a, saboda manomin Dallol Mawri bai daina bukatar hauya da kalme da sungumi ba, don haka har yanzu ana jin uwar maƙera da masaba da awartaki. Amma tama, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe, an bar haƙarta tun da ƙarafan motoci suka wadata, zugazugin fata kuma injin juyawa yana maye gurbinsa, har ya zamana yaro ya san zuga ta ingiza mutum ga faɗa, bai san zugar da ke rura gawayi ba. Wanzami ma, wanda a hannunsa askar Arawa take, mai tashi daga gefen baki zuwa kunne, zabirarsa ta ragu tun da iyaye suka rage yi wa 'ya'yansu zane, ga shi kuwa kowa yana cewa wanzami ba ya son jarfa.

Malamanmu sun karantar da cewa sana'o'in da al'umma ba ta wadatuwa sai da su farilla ce ta kifaya, sun kuma ambaci Annabi Dawuda, alaihissalam, da ƙirar sulke. Abin da shari'a ta girmama haka bai cancanci a bar luggarsa ta salwanta ba. Gaskiya ne ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya taskace da yawa daga cikinta, cibiyar CELHTO ta Yamai kuma tun 1968 take tattara ilimin baka, amma ƙamus ba ya nuna yadda ake riƙon masaba, kuma Arewanci yana da nasa furuci da nasa sunaye da suka bambanta da na Kano.

Saboda haka muna kira ga malaman lakkwal da na allo, da ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni 'yan asalin wannan ƙasa, su zauna gaban tsofaffin maƙera da majema da gwaggonninsu masu kaɗi, su rubuta kowane suna tare da kayan aikinsa da yadda ake sarrafa shi, su ɗauki murya da hoto da wayoyin da ke aljihunsu. A gaggauta wannan aiki tun masu ilimin suna raye, domin su kaɗai ne hujja a kansa.