Cefane da Cin Abinci a New York: Shagon Ba'indiye da Deli na Bakin Titi

Bahaushen da ya sauka New York yakan ɗauka cewa miyar gida sai an yo masa tsaraba, ko ya nufi shagunan 'yan Afirka da ke Bronx. Alhali rabin kayan miyar na nan jibge a shagunan 'yan Asiya na yankin Queens, suna ne kawai ya bambanta.

Waɗannan shaguna sun yawaita ne bayan 1965, shekarar da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar da ta buɗe wa 'yan Asiya ƙofar shiga Amurka. Wasu 'yan'uwa biyu daga jihar Gujarat suka buɗe Patel Brothers a Chicago a 1974, yau kuma yana da reshe a unguwar Jackson Heights da ke Queens. Koriyawa suka kafa H Mart a unguwar Woodside, ita ma a Queens, a 1982.

Shawarata ita ce a fara da shagon Ba'indiye, domin cimarsu ta fi kusa da tamu. Yammacin Indiya ƙasar gero da dawa ce, don haka garin da aka rubuta wa bajra gero ne, jowar kuma dawa. Ga kunu, ga tuwo. Tsamiya imli suke ce mata, kuɓewa bhindi, riɗi til. Ganyen nan mai tsami da mutanen jihar Andhra ke ji da shi, gongura, dangin yakuwa da rama ne. Zogale ma akwai, sai dai su sun fi damuwa da 'ya'yansa dogaye da suke jefawa a miya. Citta, kanumfari da masoro kuwa a manyan ledoji ake sayar da su, ba a 'yan kwalaben babban kanti masu tsada ba. Indiya ta kuma sauƙaƙa wa Musulmi aiki: koren ɗigo cikin murabba'i a jikin kwali na nufin babu nama a ciki.

A shagon Koriyawa, Japanawa ko Sinawa ne ake buɗe ido. Kifi sabo da shinkafa buhu-buhu ba a magana, amma ruwan mirin da Japanawa ke girki da shi giyar shinkafa ce, na ainihi yakan kai kashi 14 cikin 100 na barasa. Miyar waken soya da aka tsima ma tana ɗauke da ɗan kaɗan. Taliyar leda da yawa romon alade ne a ƙunshin ɗanɗanonta. Hukunci na malamai ne, karanta bayan kwali kuwa naka ne.

Sai deli. Asalinsa shagon baƙin Jamus da Yahudawa ne masu sayar da naman da aka jiƙa a gishiri aka turara, kamar Katz's da ke titin Houston, wanda ke danganta kafuwarsa da 1888. Kada sunan Bayahude ya ruɗe ka, ba kowane irin wannan shago ne ke bin ƙa'idar yankan addininsu ba. Deli na unguwa kuwa mai shayi ne da ya samu rufi da firji: burodi, ƙwai, kofi, har tsakar dare. Da yawansu na 'yan Yaman ne. Ranar 2 ga Fabrairun 2017 suka rufe shagunansu don nuna fushi da dokar Shugaba Trump ta hana shiga ƙasar.

Ko mai shagon ya amsa maka sallama, ka tambaya. A wasu shagunan, faifan ƙarfen da aka soya naman alade a kai shi ne za a fasa maka ƙwai, injin yankan ma ɗaya ne. Wasu kuwa sun daina ajiye alade kwata-kwata, sun koma naman talotalo da na sa, sukan kuma manna takardar halal a jikin gilashi.