Fentin tsohuwar mota: a jira gareji ko a fesa a gida?

A Faransa da Amurka, inda mutane da yawa ke ajiye tsofaffin motoci don sha'awa, aikin farfaɗo da mota yakan tsaya cik idan aka zo kan fenti. Makanike zai iya tayar da inji cikin 'yan makonni, amma jikin motar yakan shafe watanni, wani lokaci shekaru, a garejin masu gyaran jiki. Masu wannan sha'awa a Amurka har laƙabi suka yi wa lamarin, suna cewa mota ta shiga "kurkukun fenti". Shi ya sa wasunsu ke yanke shawarar sayen kayan aiki su fesa motarsu a gida. Tambayar ta shafi duk mai tsohuwar Peugeot 404 ko 504 ko Marsandi da yake son ya sabunta, ko a Yawunde yake, ko Kumasi, ko N'Djamena.

Wace mota ake nufi?

A dokar Faransa, motar da ta haura shekara 30, aka daina ƙera irinta, kuma ba a sauya mata siffofinta na asali ba, za ta iya samun takardar rajista ta motocin tarihi. Ƙungiyar FFVE tana cikin masu ba da shaidar da ake nema kafin a samu takardar. Irin wannan mota ana kai ta binciken lafiya duk bayan shekara 5, maimakon shekara 2 da ake yi wa sauran motoci.

Peugeot 504 ta daɗe da shiga wannan sahu. An fito da ita a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai a 1969, sannan kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000. Motar da ake ɗaukar fasinja da buhunan hatsi da ita a Afirka ta Yamma, ita ce ake gogewa a kai baje koli a Turai. A wajen masu sha'awa, yanayin jikin mota da ingancin fentinta ne ke yanke kaso mai tsoka na darajarta, domin gyaran jiki yakan fi gyaran inji cin kuɗi.

Me ke jawo jinkirin?

Dalili na farko shi ne yadda garejin ke samun kuɗi. A Turai da Amurka, yawancin masu gyaran jiki suna rayuwa ne da motocin da suka yi haɗari, waɗanda kamfanonin inshora ke biyan kuɗin gyaransu. An san yawan awoyin aikin tun kafin a fara, ana odar sabon murfi ko ƙofa a ɗaura, mota ta fita cikin kwanaki, kuɗi ya shigo. Tsohuwar mota kuwa takan ci ɗaruruwan awoyi, ta tsare wuri a gareji. Don haka ake tura ta gefe, sai ranar da aiki ya yi sauƙi a waiwaye ta.

Na biyu, tsatsa ba ta bayyana girmanta sai an kankare fenti. Motar da ta kai shekara 40 ko 50 galibi an yi mata fenti fiye da sau ɗaya, kuma a ƙarƙashi akan tarar da tsofaffin faci da mastik mai kauri da aka cike ramuka da shi. Ƙiyasin da aka yi da farko sai ya rushe, a koma ciniki. Idan babu sabon ƙarfen da ya dace a kasuwa, dole a yanko falle a lanƙwasa shi da hannu a yi walda, kuma masu wannan gwaninta suna ta raguwa yayin da tsofaffin ma'aikata ke barin sana'ar.

A garejojin Afirka jinkirin yana da wasu tushe na daban. Mai gyaran jiki, wanda ake kira toliye a ƙasashen renon Faransa, fanel-bita a Najeriya, yakan karɓi kuɗin kafin alƙalami ya toshe wata ɓarakar da su, sai aikin ya tsaya har wani kuɗin ya shigo. Ga ɗaukewar wutar lantarki da ke tsayar da walda da injin iska. Motocin haya ma sukan sha gaban motar sha'awa, domin direban tasi yana tsaye a kan mai gareji, kowace rana asara ce gare shi.

Aikin da ke gaban mai yi a gida

Feshin kansa aikin yini ɗaya ne ko biyu. Shirin da ke gabansa ne ke cinye lokaci, kuma shi ne ke nuna ko fentin zai daɗe.

Ana fara da kwance fitilu da gilasai da robobi da duk wani ƙarfen ado. Sai a kankare tsohon fenti har a kai ga ƙarfe a duk inda ake zargin tsatsa. Wurin da ya ruɓe yankewa ake yi a walda sabo, domin tsatsar da aka rufe da mastik takan kumburo fenti bayan damina ɗaya ko biyu. Daga nan a shafe ƙarfen da fentin share fage na efoksi, wanda ke hana danshi shiga. Mastik aikinsa daidaita ƙananan lotsawa ne kawai, kaurinsa bai kamata ya wuce 'yan milimita ba. Masu sayen tsofaffin motoci kan bi jikin mota da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa sun san mastik ne aka lafta.

Sai guga da samfefa, daga mai kaushi kamar lamba 80, zuwa 180, zuwa 320, har 400 ko 600 kafin a sa launi. Ana naɗa samfefar a jikin doguwar katako mai laushi, domin yatsun hannu suna barin kwari a jikin mota. Fenti mai sheƙi ba ya ɓoye aibi, fito da shi yake yi, musamman baƙi da sauran launuka masu duhu.

Wajen feshi, bindigar zamani da ake kira HVLP tana aiki da iska mai yawa a ƙaramin matsi, abin da ke rage fentin da ke tashi a banza. Amma takan buƙaci iska kusan lita 300 ko fiye a minti ɗaya, wanda ƙaramin injin iska na busa taya ba zai iya bayarwa ba. Dole kuma a sa matatar da ke tsare ruwa da mai daga bututun iskar. Ana riƙe bindigar tazarar santimita 15 zuwa 20 daga jikin mota, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Hannu ya yi nawa fenti ya zuba, ya yi sauri kuma fenti ya fito da gurzaje kamar ɓawon lemo.

Gareji na gaske yana da abin da gida ba shi da shi, wato rufaffen ɗakin feshi mai tace iska, wanda ake ɗumama shi zuwa kusan digiri 60 don fenti ya bushe ya yi ƙarfi. A gida sai dai a kewaye wuri da leda, a yayyafa ruwa a ƙasa don kwantar da ƙura.

Haɗarin da ba a gani da ido

Nan ne lissafin ke yin nauyi. Fentin mota na zamani, wanda ake kira 2K, ana gauraya shi da sinadarin da ke sa shi daskarewa, kuma sinadarin yana ɗauke da aisosayanet. Wannan guba tana cikin manyan abubuwan da ke haddasa asma ta dalilin sana'a. Hazon feshinta ba a ganinsa sosai, kuma yakan rataya a iska bayan an ajiye bindiga. Wanda jikinsa ya riga ya ƙi ta, ko kaɗan ya shaƙa daga baya numfashinsa zai iya sarƙewa, kuma sau da yawa hakan na nufin barin sana'ar gaba ɗaya. Hukumar HSE mai kula da lafiyar ma'aikata a Birtaniya ta ce masu fesa irin wannan fenti su sa abin rufe fuska da ake turo masa tsaftatacciyar iska ta bututu. Takunkumin yadi ko na ƙura ba ya tsare komai a nan.

Tururin tina kuma ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, kuma tartsatsin fanka ko janareto ko murhun girki ya isa ya tayar da gobara. Tsohon fenti zai iya ƙunsar dalma, wadda ƙurarta ke cutar da ƙwaƙwalwar yara. Yashin da wasu ke fesawa don kankare tsatsa yana jawo cutar huhu ta silikosis, wadda ba ta warkewa. A gidan da mata ke girki a tsakar gida, yara na wasa, maƙwabta na bayan katanga, haɗarin ya wuce mai feshin shi kaɗai.

Abin da dokoki suka ce

Tarayyar Turai ta kafa doka a 2004 da ta taƙaita yawan sinadarai masu tashi a iska a cikin fentin gyaran mota, ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2007. Iyakar fentin sama ita ce giram 420 a kowace lita, abin da ya sa garejoji da yawa suka koma launi mai haɗin ruwa. Dokar ta bar wa ƙasashe damar ba da izini na musamman don gyaran motocin da ke da darajar tarihi. Tun daga 24 ga Agustan 2023 kuma, ma'aikatan da ke amfani da kayan da ke ɗauke da wannan sinadarin daskarwa sai sun samu horo.

A Amurka, ƙa'idar da hukumar kare muhalli ta EPA ta fitar a 2008 ta wajabta wa garejoji ɗakin feshi da bindigogi masu rage asara da horar da ma'aikata. Ta keɓe mai sha'awar da ke fesa motarsa ta kansa, matuƙar bai wuce mota biyu a shekara ba. Keɓewar doka dai ba ta rage gubar da ke cikin gwangwanin ba.

Yanayin Sahel da na bakin teku

Masu ƙera fenti suna gwada kayansu ne a kusan digiri 20. A Yamai ko N'Djamena zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, inda fenti ke fara bushewa tun kafin ya sauka a jikin mota, ya fito da kaushi. Maganin hakan shi ne tina da sinadarin daskarwa masu jinkirin bushewa, da yin feshi da sassafe. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura ce ke manne wa ɗanyen fenti. A Duwala da Kwatano da Lome kuwa danshi yakan dusashe sheƙi, gishirin teku kuma yana sa ƙarfen da aka kankare ya fara tsatsa cikin sa'o'i. Motar da ta yi rayuwarta a Sahel galibi ƙarfenta lafiya lau, rana ce ta ƙone fentinta, don haka aikinta ya fi sauƙi a kan wadda ta zauna a bakin teku.

Tsaka-tsakin hanya

Masu sha'awa da yawa sun gano cewa raba aikin ya fi. Mai mota ya yi kwance-kwance da kankara da guga a gida, tunda nan ne awoyin suka fi taruwa, sannan ya kai motar ga ƙwararre ya fesa a ɗakinsa. Aikin kwana biyu ko uku ya fi sauƙin samun gurbi a kan aikin wata shida. Sai dai a yi magana da mai feshin tun kafin a fara, domin da yawansu ba sa lamunce fentin da aka ɗora a kan shirin wani, kuma shi zai faɗi kayan share fagen da suka dace da fentinsa.

Wanda ya zaɓi barin komai a hannun gareji, takarda ce kariyarsa. A rubuta aikin da za a yi, da irin fentin, da ranar gamawa. A raba kuɗin kashi-kashi, wani bayan walda, wani bayan share fage, ragowar bayan feshi. A riƙa leƙawa ana ɗaukar hoto, musamman kafin a rufe ƙarfe. A Faransa doka ta ba mai gareji ikon riƙe mota har a biya shi, abin da ke sa janye mota a tsakiyar rikici ya yi wuya idan babu rubutacciyar yarjejeniya. A wurare irin su Suame Magazine na Kumasi, inda garejoji suka yi cincirindo, ganin motar da mutum ya fesa shekara biyu da suka wuce ya fi ganin wadda ya gama jiya, domin sabon fenti kowanne kyau gare shi.

Lambar launin asali takan kasance a jikin allon kamfani ko a cikin ɗakin inji, kuma riƙe launin yana kare darajar motar. Inda launi ke rubuce a takardun mota, sauya shi yana buƙatar sanar da hukuma.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Feshi a gida yana iya rage kuɗi da jira ga wanda ke da keɓaɓɓen wuri nesa da iyali, da babban injin iska, da kayan kare numfashi, da haƙurin koyo a kan tsohuwar ƙofa ko murfi kafin ya taɓa motar. Wanda ya rasa ko ɗaya daga cikin waɗannan, gugar samfefa ce rabonsa na aikin, feshin kuma ya bar wa mai ɗaki.